Martanin Garkuwar Jiki ga Ƙwayoyin Hanji a Iyalan Masu Kumburin Hanji: Dacewar Ma'aunan Turai da Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi abin da aka gano game da sinadaran kariya da jini ke samarwa kan ƙananan halittun hanji a dangin masu cutar Crohn, ta kuma auna dacewarsa da kudancin Jihar Jigawa.

Gabatarwa

Tun 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana wannan cuta a New York. A 2001 aka gano alaƙarta da ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda ke taimaka wa hanji gane bakteriya. An kuma lura cewa wasu 'yan uwan majiyyata, duk da suna cikin ƙoshin lafiya, jininsu na ɗauke da ASCA, sinadarin da jiki ke yi don yaƙar yis. Shirin GEM da aka fara a Kanada a 2008 ya bi diddigin irin waɗannan dangi kimanin 5,000. Rahotonsa na 2021 ya nuna cewa yawan sinadaran kariya a jini kan riga cutar bayyana da shekaru.

Tattaunawa

Sai dai akasarin waɗanda aka auna Turawa ne, kuma sauye-sauyen NOD2 da suka fi yawa a cikinsu ba safai ake samun su a 'yan Afirka ba. Hanjin ma ya bambanta. Binciken De Filippo na 2010 ya tarar da bakteriyar Prevotella ta mamaye hanjin yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, saɓanin yaran Florence a Italiya. Cimar yaran Boulpon gero ce da dawa da wake, wato kusan abin da ake ci a Gwaram.

Matsala ta biyu ta fi tsanani. Mai zawo da jini da rama da ya zo Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, atini ko tarin fuka na hanji za a fara zato, kuma zaton yana kan hanya. Nazarce-nazarce daga Indiya sun nuna ASCA ba ya rarrabe Crohn da tarin fukan hanji. Ba wa mai tarin fuka maganin danne garkuwar jiki da ake ba masu Crohn kuwa ganganci ne.

Duk da haka, tsarin gidan Bahaushe na da fa'idar da masu bincike a Kanada ba su samu ba. Kishiyoyi na cin tukunya ɗaya da shan ruwa ɗaya, alhali sau da yawa ba jini ɗaya suke ba. 'Yan uba sun haɗa kusan rubu'in gado, 'ya'yan auren zumunci kuwa gadonsu ya ƙara kusanta. Kwatanta jini da bahayan waɗannan rukunoni zai iya raba tasirin gado da na muhalli.

A ganin mai wannan nazari, bai kamata a dogara da ASCA a yankin ba sai an fara tantance matakinsa a jinin masu lafiya na Birnin Kudu da Gwaram, an kuma kawar da zaton atini da tarin fuka.