Sabuwar kyamara na sauya launin hoto: inda matsalar take da yadda ake gyara ta

Ɗan uwa ya aiko da kyamara sabuwa fil daga Faransa, ko an sayo ta Kano da kuɗi masu yawa, an kai ta wurin buki, an dawo gida ana duba hotuna. Farar shaddar ango ta koma ruwan ɗorawa, ankon mata da aka sayo shunayya ya fito shuɗi. Nan take sai a ce jabu aka sayar wa mutum. Ga ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke tura hoton atamfa ta WhatsApp zuwa Yamai ko Abijan kuwa, abin ya wuce ɓacin rai, don in kaya suka isa launinsu ya saɓa da na hoto, maido mishi za a yi. Abin da muka lura da shi, a mafi yawan lokuta kyamarar lafiyarta lau. Haske ne ke ruɗa ta, sai kuma saitin da aka bar ta a kai.

Kowane haske da launinshi. Idonmu na gyara wannan da kanshi, shi ya sa farar takarda fara muke ganinta ko da rana ko a gaban fitilar ƙwai. Kyamara kuwa sai an gaya mata, ko ta yi canke. Ana auna launin haske da ma'aunin kelbin, wanda ake rubutawa da harafin K. Kyandir wajen 1900 yake, tsohon ƙwan lantarki mai zare 2700 zuwa 3200, rana tsaka wajen 5200 zuwa 5500, ranar gajimare 6000 ko sama kaɗan, inuwa kuma 7000 har ta wuce. Ƙaramin adadi haske ne mai ja-ja, babba kuma mai shuɗi-shuɗi.

Saitin da ke kula da wannan shi ne daidaita fari. Ku nemi maɓalli ko layin da aka rubuta WB. In kyamarar da Faransanci take, za ku ga "Balance des blancs". Daga kamfani tana zuwa ne a kan AWB, wato ita ke zaɓa da kanta. Cankenta na yin daidai in launuka sun gauraya a wuri, amma in launi guda ya mamaye, sai ta ɓata. Kuma wurarenmu ai cike suke da irin haka: rumfar buki mai jan tanti ko shuɗi tana zuba launinta a kan fuskar kowa, katangar jar ƙasa na maido da ja, gindin dogon yaro na sa kore a fararen kaya, hazon hunturu na rina komai rawaya. Magani na farko shi ne a cire ta daga AWB a zaɓi alamar da ta dace da wurin. Akwai ta rana, ta gajimare, ta gida mai inuwa, ta ƙwan fitila, ta doguwar fitila, da ta filas. In kyamararku na barin a sa adadin K da hannu, ku riƙe wannan, don yana rikita mutane: hoto ya yi rawaya, a rage adadin, ya yi shuɗi, a ƙara.

Hanyar da ta fi duka ita ce a nuna wa kyamara abin da ake kira fari a wannan wurin. A riƙe farar takarda daidai inda mutanen za su tsaya, hasken da zai same su ya same ta, a cika idon kyamara da ita a ɗauka. A kyamarorin Canon sai a shiga menu a zaɓi wannan hoton a matsayin ma'auni. A Nikon abin yana ƙarƙashin PRE. Minti guda ne. Amma kar a yi da farar rigar da aka wanke da bula. Mu muna ganinta fara tas, alhali akwai shuɗi a cikinta, kyamara za ta cire shuɗin, hotuna duka su fito da ɗorawa. Kuma da an sauya wuri, daga rumfa zuwa ɗaki misali, sai an sake.

Akwai inda babu saitin da zai yi ceto: ɗakin da hasken taga, da fitilar sola mai shuɗi, da ƙwan lantarki mai ja suka haɗu. In an gyara ɗaya, ɗayan ya ɓaci. A kashe fitila guda, ko a fito da amarya bakin ƙofa. In kuma a ƙarƙashin doguwar fitila kun ga launi na sauyawa daga hoto zuwa hoto, ko zane-zane a kwance, to wutar ce ke ƙiftawa. Lantarkin Nijar da Najeriya kan 50 yake juyawa a daƙiƙa, saboda haka a sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100.

Sai batun fuska, wanda shi ya fi jawo gardama. Sau da yawa ba launi ba ne ya ɓaci, yawan hasken da ya shiga ne. Ma'aunin kyamara yana ƙoƙarin maida duk abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Ku tsaya filin idi, kowa da fararen kaya, ta ga haske ya yi yawa ta rage; riguna su yi toka-toka, fuskoki su dushe har ba a gane mutum. Maɓallin da ke da alamar +/- shi ne gyaran: a ƙara zuwa +0.7 ko +1 a sake gwadawa. In bayan mutum duhu ne, akasin haka ke faruwa, ta ƙara haske fiye da kima fata ta yi fari-fari, sai a rage. Wannan matsalar tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa bai wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita injuna, sai cikin shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yanzu sun fi na da nesa, amma har gobe baƙar fuska a farar riga da tsakar rana aiki ce mai wuya. Mu dai shawararmu, hantsi ko bayan la'asar, ko inuwa mai buɗewa.

Ku duba salon hoto kuma. Wasu saituna, irin na ɗaukar daji da gari, suna ƙara wa launi kauri don ya burge ido. Ga buki ba laifi. Ga mai sayar da zane, a koma kan "Neutre" ko "Standard". Ja mai ƙarfi da shunayya su ne suka fi ba kyamara wahala, balle baƙin turkuɗi mai ƙyalli. A ɗauke su a inuwa, a ajiye farar takarda a gefe cikin hoton, mai saye ya samu abin kwatantawa.

Wani saiti da ke ɓoye cikin menu shi ne zaɓi tsakanin sRGB da Adobe RGB. Na farkon kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, kuma shi intanet da yawancin wuraren wanke hoto suka sani. Na biyun, na 1998, ya fi faɗin launi, amma in aka buɗe shi inda ba a gane shi ba sai hoto ya fito a kwance ba armashi. Alamar da za ku gane: sunan hoton zai fara da ɗan layi a ƙasa, kamar _DSC ko _MG. A bar shi kan sRGB, shi ke nan. Wanda ke da kwamfuta na iya ɗauka da RAW, don shi ana iya gyara farinshi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba, sai dai yana cin wuri a kati.

Kafin a yanke wa kyamara hukunci, a binciki abin da ake kallon hoton da shi. Ɗan allon bayanta ba shaida ba ne a cikin rana. Wayoyi da yawa na da saitin kare ido da ke maida allo rawaya, wasu kuma suna zuwa da launi mai kauri tun daga kamfani. A buɗe hoto guda a waya biyu ko uku. Ƴan uwanmu na waje masu son bugawa su ce a turo musu shi a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoton da aka tura kai tsaye. A wurin wanke hoto kuma a fara buga guda na gwaji, in ya saɓa a ce su kashe gyaran da injinsu ke yi da kanshi.

To yaushe za a ce kyamarar ce da laifi? A maida duk saitinta yadda ya zo daga kamfani, a cire duk wani gilashin da aka ɗaura a bakin idonta, a goge idon da ƙyalle mai laushi. A fita da hantsi, a zaɓi alamar rana, a ɗauki farar takarda. In ta fito ruwan hoda ko kore, ko rabi da launi rabi babu, ko akwai layin da ke fitowa wuri guda a kowane hoto, wannan ba na saiti ba ne. A ajiye hotunan gwajin, a haɗa da rasit a koma wurin mai sayarwa tun garanti bai ƙare ba. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe da ke fitowa a sararin sama kuwa yawanci ƙura ce ta shiga ciki lokacin sauya ido, a kai wa mai gyara ya share, kar a sa yatsa ko a hura da baki.