Me Ya Hana Kaboyi Shiga Littattafan Soyayyar Kano?

A Amurka akwai wani reshe na littattafan soyayya da ya haura shekara ɗari yana ci, wato soyayyar kaboyi. Jaruminsa makiyayi ne a kan doki, da malafa da igiya, ba ya son yawan magana. Jarumar kuwa sau da yawa baƙuwa ce a garin, malamar makaranta ko magajiyar gonar da bashi ya cinye rabinta. Kanawa sun san wannan mutumin sarai. Kakanninmu sun biya kuɗi sun kalle shi a silima tun kafin a ba Najeriya mulkin kai, har sunansa ya zauna a bakinmu. Amma da lokaci ya yi da mutanen Kano suka ɗauki biro suka fara rubuta tasu soyayyar, suka cika kasuwa da ɗaruruwan littattafai, kaboyi bai samu shiga ba. Sawun wannan rashi nasa nake so mu bi, domin yana nuna irin wahalar da marubutan nan da masu karatunsu suke ƙoƙarin jurewa.

Shi kaboyi na gaskiya ba wani abin sha'awa ba ne. Makiyayin haya ne, ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana kora shanun wani daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa a Kansas, tafiyar watanni cikin ƙura. Da yawansu baƙaƙen fata ne ko 'yan Meziko, abin da silima ta daɗe tana ɓoyewa. Zamanin wannan kora bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, daga bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865. Sai da sana'ar ta mutu sannan marubuta suka yi mata ado. A 1902 Owen Wister ya fitar da The Virginian, inda kaboyi yake neman auren wata malamar makaranta, kuma daga nan aka samu ƙirar da aka yi ta bugawa. A 1924 aka fara wata mujalla mai arha, Ranch Romances, wadda ba ta da aiki sai labaran soyayyar makiyaya. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki, fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga gonakinsu, amma mujallar nan ba ta daina fitowa ba sai 1971. Mutumin da banki ya ƙwace wa gona yana sayen labarin fili marar iyaka da namijin da ba ya karɓar umarnin kowa. Maganin ya dace da ciwon.

A Kano, ta allon silima ya iso. An buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa, kuma 'yan kasuwar Labanan ne suka riƙe harkar. Cikin birni ya daɗe yana kallon abin a matsayin shagalin 'yan iska, har ana ce masa dodon bango. A watan Mayun 1951 silimar El Duniya ta kama da wuta, mutum 331 suka rasu, kuma mutane da dama suka ɗauki gobarar a matsayin ishara. Duk da haka a wannan shekarar aka buɗe Palace a Jakara, a cikin ganuwa, dab da kasuwar Kurmi.

Wanda ya san cikin gari ya san abin da wannan yake nufi. Daga Jakara zuwa Madabo tafiyar ƙafa ce. Madabo kuwa unguwar littafi ce tun fil azal: tarihinta yana jingine da malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, waɗanda littafin tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma zaurukanta sun yi suna wajen karantar da Mukhtasar na Khalil, har ana kiran shugaban malamanta Babban Malami. Ga almajiri yana bitar babin aure da saki da rana, ga kaboyi yana harbi a bango da dare, tsakaninsu 'yan lunguna. Littattafan soyayyar da suka zo daga baya a tsakanin waɗannan wurare biyu aka haife su, kuma idan ka duba da kyau, sun fi ɗaukar batutuwansu daga babin aure da saki.

Ba wai kaboyi bai burge samarin Afirka ba. A Kinshasa, a shekarun 1950, an yi gungun samari da suke kiran kansu da sunan Buffalo Bill, suna shiga irin tasa. A maƙwabciyarmu Nijar, Moustapha Alassane ya yi wani fim a 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Suka hau dawaki, suka sauya sunaye, suka addabi ƙauyen da sata da faɗa, wasa ya koma jini. A fim ɗin ne Zalika Souley ta fara fitowa. Alassane ya gano abin tun da wuri: mutumin da ba shi da uwa, ba shi da uba, ba ya gaida kowa, in ka ajiye shi a ƙauyenmu ɗan daba ne kawai.

Kuma ba mu rasa mahayin doki na kanmu ba. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya yi ta fafatawa da Turawa da aljanu. Sai dai Ganɗoki mayaƙi ne, soyayya ba ita ce sana'arsa ba. A wajenmu doki na sarauta ne da yaƙi da hawan salla, saniya kuma ta Bafulatani ce, kuma makiyayinmu a ƙasa yake tafe da sandarsa. Abu mafi kusa da soyayyar makiyaya da muka samu shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta so wanda ba Bafulatani ba, danginta suka ƙi. A nan ma ba a daji rikicin yake ba, a tsakanin dangi yake.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da ambaliyar da ta biyo baya. Na farko karatu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cusa yara masu yawa a aji, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano a 1980, wadda ta buɗe wa manya azuzuwa, har da matan aure. Na biyu talauci. Kuɗin man fetur ya ja baya, a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, naira da a da ta fi dala daraja ta koma kusan huɗu a dala ɗaya cikin ɗan lokaci. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta, littattafan Turanci irin su Mills & Boon da 'yan matan sakandare suke karɓa-karɓa suka fi ƙarfin aljihu. Ga jama'a sun iya karatu, ga zuciya a ƙuntace, ga babu abin karantawa.

Sai mutane suka fara buga nasu da kuɗinsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin na farko-farko. Tsarin da suka ƙirƙiro yana burge ni a matsayina na mai rubuta manhaja, domin abin da muke yi ke nan idan jari ya yi kaɗan: ka fitar da ƙaramin abu, ka ga ko za a karɓa, ka gina na gaba da ribarsa. Littafi siriri a takarda mai arha, a yanke labarin a daidai inda numfashi ya tsaya, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, na biyu ya buga na uku. Ana sayarwa a Kurmi da Rimi da Sabon Gari, wani lokaci a rumfa ɗaya da Ahalari da Ishmawi. Wadda ba ta da kuɗin saye ta ba yaro ya karɓo mata haya. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin bangonsa ya cire.

To me suke rubutawa? A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya 'yar masu kuɗi ce take son Muhammad talaka, iyayenta suna son ta auri attajiri, har ta kai ta faɗa rijiya. Za ka ga inuwar finafinan Indiya a nan, kuma ba abin mamaki ba ne, domin su ne suka ture kaboyi daga silimomin Kano. Fim ɗin Indiya yana da uba mai taurin kai, da uwa mai kuka, da auren da aka ƙulla ba da son yarinya ba. Duk muna da su a gida.

Amma wadda ta fi nuna abin da nake nufi ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara goma sha uku ko ƙasa da haka, auren bai daɗe ba ya mutu, kuma a azuzuwan yaƙi da jahilci ta ƙarasa koyon rubutun da ta zo ta yi suna da shi. A Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin Abu, yarinyar da aka cire daga aji aka aurar wa tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'ya tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri, shi kuma gobarar kasuwa ta lashe shagonsa. Ana lissafa littafin cikin na soyayya, amma rabinsa lissafin kuɗin cefane ne da kuɗin makaranta. A 2012 wani kamfani a Indiya, Blaft, ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi.

Ka ajiye Rabi kusa da kaboyi ka gani. Shi idan gari ya ɓaci sai ya ɗaura sirdi ya nufi yamma, labari ya ƙare. Ita ina za ta da yara tara? Matar da take karanta littafin a ɗakinta a Madabo ko Yakasai ko Fagge, wataƙila ba ta fita sai da izini, kishiya tana ɗakin da ke kallon nata. Fili marar iyaka ba zai yi mata maganin komai ba. Abin da take nema shi ne ta ga mai irin halinta ta tsaya a inda take, ta yi sana'a, ta ga sakayya da idonta. A ganina wannan ya fi na Amurkawan jarumta, ko da yake dole a faɗa cewa da yawa daga littattafan an rubuta su cikin gaggawa, da kurakuran rubutu, da attajiran da suke faɗowa daga sama a shafi na ƙarshe su share hawaye.

Ba a bar su sun sha ruwa ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu, musamman a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ya kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Marubutan da kansu sun kafa ƙungiyoyi, kuma sunan fitacciyar cikinsu, Raina Kama, amsa ce ga masu rainin. Malamai da iyaye suka ce littattafan suna koya wa 'yan mata bijirewa. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano a 2001, kuma a 2007, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙona tarin littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a. Daga baya aka nemi marubuta su yi rajista kafin su buga. Abin da masu sukar ba su cika tsayawa a kai ba shi ne cewa auren dole da sakin wulaƙanci da littattafan suke magana a kai, Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan Madabo ma ya yi musu babi-babi. Marubutan sun ɗauko shari'ar ne daga bakin wadda abin ya faɗa wa.

Yau rumfunan littattafan sun ragu, kasuwar ta koma cikin wayar da kake riƙe da ita. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan a iska, yanzu kuma marubuciya tana sakin shafi-shafi a Wattpad ko a zauren WhatsApp, ta ba da farkon kyauta, ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki. Dabarar na ɗaya da na biyu ce ta sauya riga. Matsalar ita ce kwafi: littafin takarda sai ya tsufa a gida na biyar, na waya kuwa mutum ɗaya ya saya ya watsa wa dubu kafin gari ya waye, kuma babu manhajar da ta isa ta hana ɗaukar hoton allo. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta mata zalla, kuma jigogin da suke fitowa sun ƙaru da gudun hijira da garkuwa da mutane da fyaɗe.

Doki ma ya dawo, ta wata ƙofar. Labaran sarauta suna cikin waɗanda aka fi bi a waya: yarima mai ji da kai, ga dogarai ga barga cike da dawaki, ya faɗa son baiwa ko 'yar talakawa. Yana hawa ranar salla, ya zaga gari, kafin magariba ya dawo gida, inda mahaifiyarsa take jiransa da sunan wadda ta zaɓa masa.