Tasirin Hall na kwantum

Tasirin Hall na kwantum wani yanayi ne da ke bayyana idan aka takure ilektoron a cikin shimfiɗa mai tsawo da faɗi amma kusan babu kauri, aka sanyaya su ƙwarai, sannan aka sa su cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi. A wannan hali turjiyar lantarki ta gefe ba ta ƙaruwa a jere, sai dai ta hau mataki-mataki kamar matakala.

Tarihi

Edwin Hall ne ya gano tasirin na asali a 1879. A 1980 Klaus von Klitzing ya gano matakan a wani ɗakin gwaji a Grenoble, Faransa, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1985. A 1982 Tsui, Störmer da Gossard suka ga wani mataki a kashi ɗaya bisa uku. Robert Laughlin ya bayyana a 1983 cewa ilektoron ɗin suna tunkuɗe juna har su koma tafiya tare kamar ruwa. Laughlin, Störmer da Tsui sun samu Nobel a 1998.

Hulɗa da haske

Maganaɗisu yana sa ilektoron su riƙa kewaya, kuma suna shanye hasken da saurin kaɗawarsa ya yi daidai da kewayen. Walter Kohn ya nuna a 1961 cewa a shimfiɗa mai tsabta, tunkuɗe junan ba ya canza wannan sauri. Shi ya sa masu bincike ke neman wasu hanyoyi, kamar killace haske a ƙaramin akwati tare da ilektoron. A 2022 rukunin Jérôme Faist a jami'ar ETH Zurich ya ba da rahoton cewa irin wannan akwati yana iya raunana matakan ko ba a haska komai ba.

Amfani

Darajar matakin farko kusan ohm 25,812.807 ce, ko da an canza kayan gwajin, don haka ita ce ma'aunin turjiya na duniya. Tun 20 ga Mayu 2019 ana amfani da ita wajen tabbatar da nauyin kilogiram. Duk sikelin da aka daidaita bisa ma'aunin duniya, har na auna riɗi a kasuwar Maigatari, tushensa yana komawa nan.