Zafin katin hoto a kwamfutar tebur

Katin hoto, wanda masu gyaran kwamfuta ke kira girafik kad, shi ne ɓangaren da ke sarrafa hotuna da bidiyo kafin su bayyana a fuskar kwamfuta. A tsakiyarsa akwai ƙwaƙwalwar da ake kira GPU, sunan da kamfanin Nvidia ya yaɗa a shekarar 1999 lokacin da ya fito da GeForce 256. Kusan duk wutar lantarkin da katin ya ja tana komawa zafi ne, saboda haka ake haɗa shi da ƙarfen zuƙe zafi na alminiyam, da ƙananan bututai na jan ƙarfe, da fanka ɗaya zuwa uku. Idan zafin ya fi ƙarfin waɗannan, katin yana rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone.

Iyakar zafi

Katuna sun bambanta wajen cin wuta. GTX 1060 na shekarar 2016 yana jan wat 120, RX 580 na kamfanin AMD da ya fito a 2017 yana jan wat 185, shi kuwa RTX 4090 na 2022 yana kaiwa wat 450. Yawancin katunan Nvidia na shekarun baya-bayan nan an saita su ne su fara ja da baya a wajen digiri 83 a ma'aunin salshiyas. Shi kuwa AMD, a 2019 ya bayyana cewa wurin da ya fi zafi a cikin RX 5700 yana iya kaiwa digiri 110 ba tare da ya fita daga ƙa'ida ba. Wannan awo na wuri mafi zafi daban yake da awon katin gaba ɗaya, kuma haɗa su biyun yakan sa mutum ya tayar da hankalinsa a banza.

Ana duba zafin da manhajoji irin su GPU-Z da HWiNFO da MSI Afterburner. Tun daga sabuntawar watan Mayun 2020, Windows 10 ma yana nuna shi a cikin Task Manager. Alamomin matsala sun haɗa da ƙarar fanka mai yawa, da sarƙewar hoto ana tsakiyar wasa ko tace bidiyo, da mutuwar kwamfutar haka kawai. Tsayawar fanka lokacin da ba a aiki mai nauyi ba matsala ba ce. Katuna da yawa suna kashe fankarsu da gangan har sai zafi ya kai digiri 50 zuwa 60.

Yanayin Kano

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta ratsa ƙarfen. Don haka zafin kati yana hawa ne a kan zafin ɗakin da yake ciki. Gwaje-gwajen da ake wallafawa a Turai da Amurka galibi ana yin su ne a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25. A Kano kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 38 zuwa 40, kuma shago mai rufin kwano ba ya rangwame. Katin da ya nuna digiri 70 a ɗaki mai digiri 22 zai iya kusantar 85 a ɗaki mai digiri 37, alhali babu abin da ya lalace a jikinsa.

Na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi daga hamada, wadda ke shiga tsakanin siraran faifan alminiyam ta daskare kamar auduga. A unguwanni irin su Rijiyar Lemo da ke kan titin Katsina a ƙaramar hukumar Fagge, shagunan bakin titi suna samun ƙarin ƙurar ababen hawa duk shekara. Sanyin hunturu yakan ɓoye illar, sai bazara ta shigo ta fito fili.

Akwai kuma batun kayan hannu. Bayan da Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Mai sayen katin hannu a titin Beirut ko a Sabon Gari yana da kyau ya sa a gwada masa shi da aiki mai nauyi na kamar minti goma sha biyar, yana kallon awon zafi, kafin ya biya.

Hanyoyin rage zafin

Share ƙura shi ne na farko, kuma shi ya fi arha. Ana kashe kwamfutar, a zare ta daga soket, a cire katin, sannan a hura shi da na'urar hura iska tare da burushi mai laushi. Ana riƙe fankar da yatsa yayin hurawa, domin juyawar da ta wuce ƙima tana cinye mata ƙafa. Ba a amfani da ruwa. A wuri mai ƙura, yin haka duk wata biyu ko uku bai yi yawa ba, musamman a ƙarshen hunturu.

Sai hanyar iska a cikin akwatin kwamfutar. Tsarin da aka saba shi ne fankokin gaba su jawo iska, na baya da na sama su fitar da ita. Idan mai shigowa ta ɗan rinjayi mai fita, kuma akwai raga a gaba, ƙura ba ta samun shiga ta ƙananan kafofi. Ajiye akwatin a ƙasa, ko jingina shi da bango, ko kulle shi cikin durowar tebur, duk suna ƙara zafi. Buɗe murfin gefe a kunna masa fankar ɗaki, kamar yadda ake yawan yi, yana sauke awon nan take, amma yana gayyato ƙura ninki.

Hanyar da ba a cika kula da ita ba, duk da ita ta fi dacewa da wuri mai zafi, ita ce rage wutar da katin ke ja. A MSI Afterburner ko manhajar Adrenalin ta AMD ana iya sauke iyakar wutar zuwa kashi 80 cikin 100, ko a rage ƙarfin lantarkin da ke shiga ƙwaƙwalwar, ko a ƙayyade yawan hotunan da wasa ke fitarwa a daƙiƙa zuwa 60. Abin da ake rasawa na gudu kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da ke raguwa, kuma yana sauƙaƙa wa janareta ko inbata. A nan ne kuma ake saita fanka ta fara sauri da wuri.

Canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen zuƙe zafi shi ne mataki na ƙarshe. Man yana bushewa bayan shekaru, kuma alamar hakan ita ce tazara mai faɗi tsakanin awon katin da awon wuri mafi zafi. Ana goge tsohon da sinadarin isopropyl, a shafa sabo ya rufe fuskar ƙwaƙwalwar duka. Ƙananan katifun da ke kan ma'ajiyar bayanan katin dole a maye su da masu kauri iri ɗaya, domin wanda ya fi kauri yana ɗaga ƙarfen ya hana shi taɓa ƙwaƙwalwar. Buɗe katin yana iya soke garantinsa, idan har yana da shi.