Ƙarin da ke fitowa a lungun ƙwaƙwalwa ta bayan kunne

A cikin ƙoƙon kai, daura da kunne, akwai wani ɗan lungu tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya da gindin ƙwaƙwalwa. Ta nan jijiyoyin ji da na daidaiton tsayuwa da na motsin fuska suke ratsawa. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ƙarin cikin kai a nan yake fitowa.

Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan ƙari yana tsirowa ne daga rigar jijiyar daidaito, sai wanda ke fitowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Waɗanda ba kasafai ake gani ba sun haɗa da ƙullutun kitse, jakar ruwa, da dajin da ya yaɗu daga wani sashen jiki.

Galibinsu ba daji ba ne, amma suna girma sannu a hankali har su danne ƙwaƙwalwa ko su toshe hanyar ruwanta. Alamar farko ita ce raguwar ji a kunne ɗaya, tare da amon kunne da jiri. Daga baya fuska ta yi dundurus.

Hoton MRI ne ke tabbatar da shi. Ƙarami akan sa masa ido, babba kuwa sai tiyata ko gashi. Mazaunin Tudun Fulani a Minna da ya lura kunnensa ɗaya na dushewa, ya kamata ya fara ganin likitan kunne, wanda zai iya tura shi ga likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa na Abuja, ko asibitocin koyarwa na Zariya, Kano da Sakkwato. Jinkiri kan jawo kurumcewar da ba ta warkewa.