Ƙarfin jure ja: ma'aunin ingancin shimfiɗar rufi

Shimfiɗar rufi wani nannaɗaɗɗen mayafin kwalta ne mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wanda ake narka bayansa da wuta a manna a kan rufin kankare domin hana yoyo. Kwaltar ce ke tare ruwa, zaren da ke tsakiyarta kuma shi ke hana ta yagewa. Ƙarfin jure ja shi ne iyakar jan da za ta ɗauka kafin ta tsinke.

Bisa ma'aunin Turai na EN 12311-1, ana yanka tsiri mai faɗin milimita 50, na'ura ta ja shi har ya tsinke, sannan a rubuta ƙarfin da Newton, tare da yawan miƙewarsa. Shimfiɗa mai zaren foliyesta kan miƙe da kashi 30 cikin 100 ko fiye, mai zaren gilashi kuwa da wuya ta wuce kashi 4.

Wannan bambanci na da muhimmanci a Kano, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40, hunturu kuma ya zo da sanyin dare. Kankare mai tsawon mita 10 kan motsa da kusan milimita 1 idan zafinsa ya sauya da digiri 10. Motsin yana taruwa a bakin tsaga, kuma nan ne shimfiɗa mai rauni ke yagewa, sai ruwan Agusta ya isa ga rodi ya sa shi tsatsa.

A Ƙofar Nassarawa ana iya kwatanta rufi iri biyu. Daga cikin ganuwa akwai tsofaffin soraye masu azarar giginya da yaɓen makuba, waɗanda akan gyara kafin damina, kuma mai gida na ganin aikin da idonsa. Daga waje akwai manyan ofisoshin gwamnati, irin su Sakatariyar Audu Baƙo. Ingancin shimfiɗar zamani ba a gane shi da ido, sai da gwaji.

Saboda haka, idan aka bayar da kwangilar rufin ginin gwamnati, tambayoyi uku ne: wane zare aka rubuta a takardar kwangila, Newton nawa aka gindaya, kuma ina sakamakon gwaji? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a Afrilun 2025 cewa ta shafi jihohi, ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman waɗannan takardu.