Kama Da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Kalmomin Ingilishi Masu Farawa Da "Bull"

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana shi ne ya fara zuwa mana a rai lokacin da muka buɗe ƙamus na Ingilishi, muka tarar da jerin kalmomi masu farawa da "bull". Abin da aka koya mana tun muna firamare shi ne, "bull" na nufin bijimi. Saboda haka ɗalibi zai ɗauka cewa duk kalmomin nan daga garke ɗaya suka fito. A wannan ɗan rubutu za mu nuna cewa gidaje biyu ne daban, waɗanda rubutu kawai ya haɗa su.

Gida na farko shi ne na bijimin kansa, kalmar da Ingilishi ya daɗe da ita tare da danginsa na harsunan Jamusawa. Daga nan aka sami "bulldog", wato wani kare mai faɗin baki. A Ingila ta dā akan ɗaure bijimi a dandali, a sako masa irin waɗannan karnuka suna cizon hancinsa, jama'a na kallo suna caca. Sai a shekarar 1835 majalisar ƙasar ta haramta wasan, amma sunan ya liƙe wa karen. Haka kuma a 1712 wani likita marubuci, John Arbuthnot, ya ƙago wani mutum mai ƙiba da taurin kai, ya sa masa suna John Bull, wanda daga baya ya zama alamar mutumin Ingila.

A wannan gida ne kuma muke samun kalmar da Hausa ta ara, wato buldoza. Mu dai mun san ta a matsayin katafilar da ke ture ƙasa da rushe gini, amma mutane ta fara nufi kafin inji. Ta yi tashe ne a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1876, musamman a jihar Luwiziyana, inda gungun fararen fata suka riƙa tsorata baƙar fata da duka don hana su jefa ƙuri'a. Masu wannan aika-aika su aka kira "bulldozers". Masana da yawa suna ganin asalin ma'anar ita ce bulala mai yawan da ta isa ta kayar da bijimi. Daga baya ne sunan ya koma kan injin da ba ya sauraron abin da ke gabansa.

Gida na biyu ba shi da alaƙa da shanu ko kaɗan. Tushensa kalmar Latin ce, "bulla", wadda ke nufin ƙwayar kumfar ruwa, sannan duk wani abu ƙarami mai kewaye. Da wannan suna Rumawa suke kiran layar da ake rataya wa yara maza a wuya. Daga bisani aka kira hatimin darma da ake maƙala wa takardun Fafaroma da shi, har takardar kanta ta zama "bull" a Ingilishi. Irin wannan takarda ce Fafaroma Nikolas na Biyar ya fitar a 1455, ya bai wa Fotugal ikon mallakar ciniki a gaɓar tekun Afirka tare da halatta mata bautar da mutanen da ta kama. Irinta ce kuma Martin Luther ya ƙone a bainar jama'a a garin Witinbag a Disambar 1520. Wanda ya fassara kalmar a nan da bijimi, ya ɓatar da tarihi.

Daga wannan "bulla" ne, ta hanyar Italiyanci da Faransanci, aka sami "bulletin", wato 'yar takardar sanarwa, wadda a yau muke ji a kan taƙaitattun labaran rediyo. Ita ma "bullet", wato harsashi, jikar "bulla" ce, domin a Faransanci asalinta ƙaramar ƙwallo ce. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne "bully beef", naman gwangwanin da sojoji suka ci a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Naman saniya ne tabbas, amma sunan daga kalmar Faransanci mai nufin dafaffe ya fito, ita kuwa daga tafasar ruwa mai kumfa.

Darasin da ke nan ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. A rubutun boko, garin da muke zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi sura ɗaya gare su, haka ma kukan jariri da kukar miya. Sau da yawa a cikin kundayen kammala digiri mukan ga an ƙulla zumunci tsakanin wata kalmar Hausa da ta Larabci don kawai sun yi kama a kunne. Kafin mu yanke hukunci a kan asalin kowace kalma, wajibi ne mu binciki tsohuwar surarta, da ma'anarta ta farko, da hanyar da ta biyo har ta iso gare mu.